Neman wasiƙun goyon baya: abin da aiki a Agege ya nuna mini

Ƙungiyar da nake yi wa aiki a Agege tana koyar da 'ya'yan 'yan kasuwa karatu da lissafi da yamma, kuma yawancin gidauniyoyin da muke neman tallafinsu suna buƙatar a haɗa musu da wasiƙun goyon baya. Takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, suna tabbatar da cewa ƙungiya tana kan doka, amma ba sa nuna ko mutanen unguwa sun san da zamanta. Wannan shaidar ce ake nema a cikin wasiƙun.

A ganina, wasiƙar da ke da nauyi ita ce wadda mai ita ya ɗauki wani alkawari a ciki. Babban mutum zai iya cika shafi da yabo, ya ce ƙungiya ce mai albarka, mai tantancewa kuwa ya karanta ya wuce, domin irin wannan yabon ya dace da kowace ƙungiya. Amma idan shugaban makaranta ya rubuta cewa zai ba da aji biyu bayan an tashi, ko limami ya ce zai sanar da iyaye ranar Juma'a, to an ba mai kuɗi abin da zai iya bincikawa. Sai dai makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin LASUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas, saboda haka shugaban makaranta ba zai sa hannu ba sai an amince masa daga sama, wannan kuma yana cin makonni.

Zamanmu a Legas yana da nasa sharaɗin. Wasiƙar fadar Sarkin Hausawa tana nuna cewa iyaye sun yarda da mu, amma ɗakin da za a zauna da layin da yara za su bi suna hannun masu gari, don haka dole a nemi ta Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, ko ta ƙungiyar raya unguwa, wato CDA. Haka kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma wanda aikinsa yake Orile-Agege amma ya kai takarda sakatariyar Agege, sai a sake tura shi wani ofis.

Ba a neman irin wannan wasiƙa ta saƙon WhatsApp. Ana zuwa da ƙafa, a gaisa, a yi bayani, sannan a bar taƙaitaccen shafi guda wajen magatakarda. A kuma lura da lokaci: misali, shugabannin kasuwar kayan abinci ta Mile 12 ba sa samun sukuni da safe yayin da ake sauke tumatir da albasa, gab da Sallah kuma da yawa sun tafi gida Arewa.

Da yake ana son wasiƙun da Turanci, dattawa sukan ce mu rubuta su sa hannu. Mukan tambaye su abin da suka gani da idonsu, mu rubuta shi, mu karanta musu da Hausa kafin su buga hatimi, domin wasiƙu biyar masu jimloli iri ɗaya suna tona cewa hannu ɗaya ne ya rubuta su. Mukan kuma bar musu kwafi, tunda gidauniya tana iya bugo waya bayan watanni ta tambayi mutum abin da ya yi alkawari.