Abin da na koya daga dangin ƙwayar ɗa'un

A karatun ƙwayoyin cuta, babu darasin da ya zauna mini a rai kamar na Yersinia pestis, ƙwayar da ke haddasa annobar ɗa'un (plague), wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Ita ce ta yi wa Turai kaca-kaca daga 1347. Amma idan ka nemi danginta mafi kusa, sai ka tarar da Yersinia pseudotuberculosis, wadda ake kamuwa da ita ta gurɓataccen abinci ko ruwa, galibi ta sa ciwon ciki da zazzaɓi, mutum ya warke. A 1999 Mark Achtman da abokan aikinsa suka nuna cewa daga jikinta ƙwayar ɗa'un ta ɓalle, 'yan dubban shekaru kacal da suka wuce. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Kusancinsu ya kai har a 1980 wasu masana suka nemi a haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya. Aka ƙi, kuma ina ganin an yi daidai: likita ya karanta sakamakon gwaji ya ɗauki ɗa'un a matsayin ciwon ciki, ai rai ne zai salwanta.

To, me ya raba su? Ƙwayar ɗa'un ta samu ƙarin ƙananan zobban DNA guda biyu. Ɗaya na ɗauke da ƙwayar gado mai suna ymt, mai ba ta damar rayuwa a cikin hanjin ƙuma, ƙwaron da ke yaɗa cutar ta hanyar cizo. Ɗayan na ɗauke da ƙwayar gado mai suna pla, mai taimaka mata ta bazu a jiki. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ta rasa. Da aka karanta dukkan DNA ɗinta a 2001, an samu ƙwayoyin gado kusan 150 da suka daina aiki. Lalacewar ɗaya daga cikinsu, ureD, ta sa ta daina kashe ƙumar da ke ɗauke da ita. Lalacewar wata kuwa, rcsA, ta ba ta damar dunƙulewa ta toshe maƙogwaron ƙumar, sai yunwa ta sa ƙumar ta yi ta cizo tana amayar da cutar.

Tun daga nan, duk lokacin da na kwatanta DNA na ƙwayoyi biyu, ba na tsayawa kan yawan kamanninsu. Nakan fara duba abin da ya lalace. Haƙoran mutanen da suka rayu kimanin shekara 5,000 da suka wuce ma sun nuna ƙwayar ɗa'un tana nan tun kafin ta samu ymt.