Kafin in ɗauko taki

A shekarata ta farko a aikin lambu, da zarar na ga ganye ya yi rawaya sai in ce yunwa ce, in ɗauko taki. Haka na yi wa wani layin tumatir. Ganyensa ya koɗe ya yi yaushi, na zuba masa takin yuriya, na ƙara da ban ruwa safe da yamma. Bayan mako guda abin sai gaba yake yi. Da na tuge guda ɗaya, sai ga saiwar ta yi baƙi, ta yi luguf, tana wari. Ashe ruwa ne ya yi mata yawa. Ita ma saiwa numfashi take yi, idan ƙasa ta zauna sharkaf iska ba ta ratsa ta, sai saiwar ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan komai, ko da yuriya na ɗauke da naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, kashi 46 cikin ɗari. Har yau ina jin zafin asarar layin nan.

Daga nan na koyi duba wane ganye ne ya fara sauya launi. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya baki ɗaya, to naitirojin ne ya yi ƙaranci, domin shuka kan kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho. Idan kuwa sabon tohon sama ne ya koɗe alhali jijiyoyinsa na nan kore shar, ƙarancin sinadarin ƙarfe ake zargi, shi ba ya ƙaura daga tsohon ganye. Wannan ya fi ba ni wahala, don sau da yawa ƙarfen yana nan a ƙasar, amma idan ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya haura 7 da ƙyar saiwa ke iya ɗaukarsa. Irin wannan zanen na koɗewa da koren jijiyoyi a tsohon ganye kuma, ƙarancin sinadarin magniziyam ne.

Akwai kuma ƙwari. Na taɓa juya wani ganye mai ɗigo-ɗigon rawaya, na tarar da 'yan mitsi-mitsin halittu da siririyar yana irin ta gizo-gizo a bayansa, suna tsotse shi.

Yanzu idan na ga rawaya, sai in durƙusa in cusa yatsa cikin ƙasa tukuna, in ji danshinta. Sannan in juya ganyen, in ƙirga daga ƙasa zuwa sama in ga inda rawayar ta tsaya.