Daga Gombe Zuwa Bauchi da Tsagaggen Lagireto

Ƙarfe bakwai da rabi na safe muka bar Tudun Wada, ni da Gwaggo da ƙanena, za mu Bauchi ɗaurin auren 'yar yayanmu da za a yi bayan sallar Juma'a. Ƙarshen watan Maris ne, rana tun da hantsi ta fara cizo. Tafiyar kilomita 150 da 'yan kai ce, muna ganin da sauran lokaci ma za mu isa.

Ko gari ba mu fita ba abin ya faru. Wata a-kori-kura da ke gabana ta taka burki saboda keke napep da ya ratso, ni ma na taka, amma sai da hancin tsohuwar Corolla ɗina ya taɓa ƙarfen bayanta. Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar kwano ba. Muka fito muka duba: bamba ta ɗan lotsa, lamba ta lanƙwashe, fitilu lafiya lau. Na leƙa ƙarƙashi, ko ɗigo babu. Muka yi wa juna Allah Ya kiyaye gaba, kowa ya kama hanyarsa. Bonet kuwa ban buɗe ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna, domin da tsohuwa a mota.

Muka wuce Tumfure, muka wuce filin jirgin sama na Lawanti, allurar zafi tana tsakiya inda ta saba. Sai da muka shiga jihar Bauchi, bayan Bara kaɗan, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, me ke ƙamshi haka kamar ana dafa alewa?" Hancinta ya riga idona. Ruwan sanyaya inji yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi idan ya zuba a kan ƙarfe mai zafi. Na dubi allura, ta haura kusa da ja. Na kashe na'urar sanyi, na sauke gilasai, na kunna hita har ƙarshe, domin hita ƙaramin lagireto ce da ke janye zafi daga inji zuwa cikin mota. Muka sha wuta na minti guda, na samu inuwar wata tsamiya na tsaya, na kashe mota.

Ina ɗaga bonet ƙanena ya kai hannu kan murfin lagireto. Na riƙe shi da ƙarfi. Murfin nan ba rufi kawai yake yi ba, matse ruwan yake yi, shi ya sa ruwan kan haura digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe da zafinsa, nan take ya tafasa ya feso maka a fuska. Na taɓa ganin wanda hakan ya saɓule wa fatar hannu. Muka zauna fiye da rabin sa'a, har sai da babban tiyon sama ya yi laushi, ana iya kama shi da hannu. Sannan na sa tsumma na murɗa a hankali. Ledar fiya wata shida lagireton ya shanye, lita uku ke nan, kusan rabin abin da motar ke ɗauka gaba ɗaya.

Daga nan muka lallaɓa zuwa Alkaleri, idona ɗaya a titi ɗaya a allura. Na lura da wani abu: idan muna tafiya sosai sai ta zauna, da mun rage gudu a shingen jami'an tsaro ko wurin ramuka sai ta fara hawa.

Wannan ne abu na farko da na faɗa wa bakaniken da aka nuna mana a bakin hanya, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, ciwo biyu gare ta. Wanda ke shan ruwa daban, wanda ke hana ta iska daban." Amma bai fara da ko ɗaya ba. Sandar gwada baƙin mai ya zaro tukuna, ya duba, ya buɗe murfin mai ya leƙa cikinsa. Ya ce da ya ga man ya koma kalar shayi mai madara, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone, magana ta zama babba. Ya cika ruwa, ya bar bakin lagireto a buɗe, ya sa na tayar da mota, ya tsura wa ruwan ido ko zai ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Yaronsa ya zagaya ya duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi mai kauri. Duk babu. Gwaggo, da ke zaune a benci da carbi, ta ce alhamdu lillahi tun ba a yi mata bayani ba.

Sai ya mayar da murfi, ya goge ko'ina da tsumma ya bushe ƙarau, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, muka tsaya jira. Minti biyar babu komai. Can da inji ya ɗau zafi, tiyo ya yi tauri, sai ga wani siririn layin ruwa yana tsattsafowa daga baƙar robar saman lagireto, daidai inda ƙarfen da ke riƙe shi ya danne ta. Tsagar ba ta fi silin gashi ba. Da safe a Gombe ruwan bai matsu ba, tsagar tana rufe, shi ya sa na leƙa ban ga komai ba. Ya nuna mini wani farin sawu kamar na kanwa da ya gangara gefe: ruwan da ya riƙa fita yana bushewa kafin ya kai ƙasa.

Na biyun ya fi sauƙin ganewa. Ya ce in kunna na'urar sanyi, domin da an kunna ta ya kamata fanka ta tashi. Shiru. Bugun ya tura kwandansar na'urar sanyi da lagireto baya, gidan fankar ya karye ya maƙale fiffikenta, fiyus ya ƙone. A kan titi iskar gudu ce ke yi mata aikin, da an tsaya sai zafi ya taru.

Yaron ya kawo shawarar a cire tamostat, wato ɗan abin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, a haɗa fanka kai-tsaye, kamar yadda ake yi a garejoji da yawa. Dattijon ya taɓa tiyon sama da na ƙasa, ya ce duka sun yi zafi, ruwa yana zagayawa, me tamostat ya yi da za a cire shi? A nan na ƙara yarda da mutumin. Cire shi ba ya toshe tsaga, sai dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai. Gwaggo ta tuna direbobin manyan motoci na zamaninsu da ke fasa ƙwai a lagireto. Ya ce, "Hajiya, yana toshe ɓula, amma yana toshe hanyoyin ruwan ma."

Ya kankare wurin, ya shafa gam mai haɗi biyu, ya ɗaure gidan fanka da waya, ya sa sabon fiyus. Bai ɓoye mini ba: gam ba ya daɗewa a kan irin wannan roba, zai kai mu Bauchi, ba zai dawo da mu Gombe ba. Ya bar murfin a matakin farko don kada matsi ya ɓalle gyaran, ya ce kada in wuce gudun 60, kada in kunna sanyi.

A Dindima, kusa da mararrabar Yankari, muka tsaya muka huta wa motar. Kogin Gongola ya janye, yashi ya fi ruwa yawa a ƙarƙashin gada, yara na wanka a ɗan abin da ya rage. Leda ɗaya kacal ta sha a nan. Mun shiga Bauchi liman yana kan huɗuba, muka sauke Gwaggo a gidan biki, muka samu sahu a waje cikin rana.

Ranar Asabar aka sa sabon lagireto da gidan fanka, aka zubar da fiya watan, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, wanda ke hana tsatsa. Da aka kwance tsohon, ragowar ruwan ya malala a ƙasa, ga awaki suna kiwo a bakin garejin. Ruwan nan guba ne, zaƙinsa kuma yana jan dabba. Sai da na sa aka rufe wurin da ƙasa kafin na biya kuɗin aiki muka juyo Gombe.