Caro-Kann ɗina ya ga filin lig ranar Asabar

'Yan uwa masu koyon ces, kun san tun kwanaki na ajiye Sicilian na koma Caro-Kann (duka biyun salon buɗe wasa ne na mai baƙaƙen kaya) saboda haddar Sicilian ba ta ƙarewa, to ranar Asabar na gwada shi a wasan lig na kulob ɗinmu, allo na 3, ni ne da baƙaƙen kaya.

Mun fara 1.e4 c6 2.d4 d5 3.e5 Bf5 sai abokin wasana ya ɗan kalle ni ya tura 4.h4, irin wanda Tal ya yi wa Botvinnik a karawarsu ta neman kambun duniya a 1961. Nan fa ku kula sosai don tarko ne. In ka yi e6 kamar yadda hannu ya saba, sai g4 Be4, f3 Bg6, h5, shikenan bishof ɗinka ya mutu a tsaye ba inda za shi, tun wasa bai yi nisa ba. Ni dai h5 na buga. Ya zo 5.Bd3 muka yi musayar bishof, na rufe da e6, bayan Nf3 na ba shi cak (barazana ga sarki) da sarauniya a a5 na dawo da ita a6 don a cire sarauniyoyi. Wannan dabarar ta a6 a wajen tsohon zakaran duniya Capablanca na gan ta, wasansa da Atkins a Landan 1922, ku neme shi wallahi zai muku amfani.

Da sarauniyoyi suka fita sai harin nasa ya yi sanyi. Sojojinsa na c3, d4, e5 da h4 duk kan baƙaƙen gidajen allo suke, bishof ɗin da ya rage masa shi ma na baƙin gida ne, sun toshe masa hanya. Dokina ya bi ta e7 ya zauna f5 daram, kuma saboda sojana na h5 ba damar ya kore shi da g4, sannan na tura soja c5 don in fasa layin sojojinsa. Daga nan ni nake matsawa amma agogo ya fara cin mu duka biyu, kyaftin ya leƙo ya ga sauran alluna, da abokin wasan ya nemi canjaras na karɓa tunda rabin maki ya ishi tim.

Abin da zan sa a gaba wannan satin shi ne 4.Nf3 e6 5.Be2 na ɗan wasan Ingila Nigel Short, don ba kowa ne zai ba ka Bd3 a sauƙaƙe ba. Wanda ke buga shi da fararen kaya ya zo mu gwada a shafin ces na Lichess da daddare bayan isha'i.