Gadon jirgin ruwan shaƙatawa: a san makwanci kafin a biya

Mutumin Yawuri ya san jirgin fito a kan Kwara, amma jirgin da ake kwana bakwai a cikinsa wani abu ne daban. Tun 2021 manyan jiragen shaƙatawa ke tashi daga Jidda su zaga Bahar Maliya, don haka mai zuwa Saudiyya daga Birnin Kebbi zai iya sha'awar shiga da iyalinsa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin kwanciya.

Yawancin ɗakunan gadaje biyu ne ƙanana, kowanne faɗinsa kusan ƙafa uku, kamar katifar ɗalibai. Ga ma'aurata sai mai kula da ɗaki ya tura su su haɗe, ya ɗaura zanin gado ɗaya. Tsagar tsakiya takan dami baya, a roƙe shi ya shimfiɗa bargo mai kauri a ƙarƙashin zanin. 'Yan'uwa ko abokai su nemi a raba gadajen tun wajen yankar tikiti. Akwatuna ƙarƙashin gado ake tura su, da haka ake samun wurin shimfiɗa darduma.

Mutum na uku da na huɗu ne ke da aiki. Ko kujerar da ake buɗewa ta zama gado, ko gadon sama da ake saukowa da shi daga bango ko silin, da tsani da ƙarfen kariya. Kada a ɗora tsoho ko ƙaramin yaro a sama: fitsarin dare cikin duhu, jirgi na rangaji, nan ake faɗowa. Kujerar kuwa in an buɗe ta, sau da yawa takan tare hanyar baranda.

A gida, baƙo ya zo sai a jefa masa tabarma. A jirgi ba a yin haka. Kowane ɗaki da adadin mutanensa a rubuce, saboda lissafin kwale-kwalen ceto. Jinjiri ma mutum ɗaya ne a lissafi, gadonsa sai an nema da wuri, kuma yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wanda bai kai wata 6 ba.

Mai yara maza da mata da suka kai shekara 10, waɗanda addini ya ce a raba musu shimfiɗa, gara ya kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Ba su da yawa, da wuri suke ƙarewa. Mai saurin jiri da amai ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, can motsi ya fi sauƙi.