Lahadi a Tawa, Ranar Kasuwa

Lahadi, tsakiyar bazara.

Yau kasuwar Tawa ta ƙasar Nijar ke ci, yau kuma ranar sujada. Tun kafin gari ya waye motocin albasa da amalanken jakuna suka fara shigowa daga ƙauyuka. A majami'a an karanta Bisharar Markus 13:33-37, misalin maigidan da ya yi tafiya ya bar wa kowane bawa aikinsa, ya kuma umarci mai gadin ƙofa ya zauna a faɗake, don ba a san lokacin komowarsa ba: ko da maraice, ko tsakar dare, ko da carar zakara, ko da safe. Ana cikin karatun wayoyi na ta kuka a bencin baya, kuma kafin addu'ar rufewa wasu ƴan kasuwa sun sulale. Ban ga laifinsu sosai ba, cinikin mako guda yau ake yin sa.

Bayan an tashi, a inuwar bedi, wani saurayi mai sayar da albasa ya ce wa ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya, "Baba, ni ina son karanta Littafi Mai Tsarki, amma da na buɗe shi sai barci ya kwashe ni." Dattijon ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa kake kwanciya?" Ashe sai bayan sha biyun dare, an sha shayi har na uku, an bi saƙonnin WhatsApp kaf. Wanda ya kwana haka, ba sai Shaiɗan ya wahalar da kansa a kansa ba.

Abin da aka tsara masa ba shi da wuya. Kiran sallar asuba na maƙwabta ya ishe shi agogo. Ya tashi, ya wanke fuska, ya zauna a kan kujera, kada ya koma kan tabarmar da ya kwana. Minti 15 kacal: ɗan shiru, sannan aya 10 zuwa 15 da murya a fili, domin mai karatu a zuci da asuba gyangyaɗi yake gayyata. Aya ɗaya da ta tsaya masa a rai ya rubuta a guntuwar takarda, ya sa a aljihun da yake ajiye canji. In Littafi Mai Tsarkin nasa a waya yake, ya kashe intanet tun dare, in ba haka ba saƙon dillali ne zai riga Markus shiga idonsa.

Masu ɗaukar alkawarin sauke Littafin duka a shekara ɗaya su ne suka fi saurin karaya. Sura 1,189 ce. Uku kullum, biyar ranar Lahadi, lissafin ya fita. Sai dai wajen ƙarshen Janairu ake shiga Littafin Firistoci da dokokin hadayu, mutum ya yi fashin kwana huɗu, bashin sura 12 ya hau kansa, kunya ta sa ya rufe gaba ɗaya. A ganina mai farawa ya kama Markus, sura 16, rabi-rabi, wata guda ya gama. Ranar da aka yi fashi ba a ramawa, a ɗora daga inda aka tsaya.

Inda aka fi sakaci shi ne tsakar rana. Annabi Daniyel sau uku yake durƙusawa addu'a a yini, alhali aikin mulki na wuyansa. Ɗan kasuwa ma yana da gurbinsa: da azahar, lokacin da abokan zama suka tafi salla, kasuwa ta lafa. Ya fito da takardar nan, minti biyu, ya auna safiyarsa da ita. Tiyar da ya auna wa tsohuwar ƙauye ta cika? Ruɓaɓɓiyar albasa ta koma ƙasan buhu? Ya rantse a kan farashin da ya san ƙarya ne? Luka 21:34 ya jera taraddadin duniya tare da shaye-shaye cikin abubuwan da ke nauyaya zuciya, amma mu na biyun kawai muke tsoro.

An taɓo maganar kwanan addu'a. Yana da kyau, amma a wannan zafi da ke haura digiri 40, haɗa shi da azumin da ba a shan ruwa cutar da jiki ne. A raba daren gutsure-gutsure, addu'ar minti 20, waƙa a tsaye, karatu, ga randar ruwa a kusa. Sau ɗaya a wata ya isa, kuma a zaɓi daren da ba a fita aiki washegari.

Matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suka ƙara da tasu: addu'ar iyali kafin tuwo ake yin ta, don bayan tuwo yara sun riga sun sheme. Mai fushi da wani a gidan ya faɗa a nan, kamar yadda Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi da fushi.

Da yamma dattawa suka zauna a kan shawarar gajeruwar sujada da ƙarfe shida na safe domin ƴan kasuwa, ta minti 40. Kowa ya yarda tana da amfani. Inda aka cije, lokacin ne mata ke layin famfo, kuma ba a sami wanda zai ɗauki jagorancinta kowane mako ba. An ɗage maganar zuwa taron Laraba.