Abin da Wani Aji a Aboabo Ya Koya Mini

Na sauka a Kumasi a ƙarshen watan Agustan 2018, ina ɗan shekara 26, watanni kaɗan bayan na kammala hidimar ƙasa. Wani kawuna da ya daɗe yana fatauci tsakanin Kano da Ghana shi ya haɗa ni da wani dattijo mai makarantar kuɗi a unguwar Aboabo, irin makarantun nan da ake haɗa boko da Arabiyya, wanda yake neman malamin lissafi a ƙaramar sakandare. Na biyo hanyar mota ta Legas, na ratsa Kwatano da Lome, na shiga ta Aflao, na kwana a Accra, sannan washegari na kama hanyar Kumasi. A duk tsawon tafiyar ban ji fargabar baƙunta ba, domin kawuna ya riga ya gaya mini cewa a zango, wato unguwannin da baƙi Musulmi suka kafa a garuruwan Ghana, Hausa ake yi tun daga masallaci har wurin mai koko. Da na iso na tarar gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta rufe mini ido wata da watanni, domin mutumin da ya je ƙasar da ba ya jin harshenta ya san shi baƙo ne, yana taka ƙasa a hankali, ni kuwa na shigo ina jin kamar gida na dawo.

A mako na biyu da fara aiki na nemi iyayen 'yan aji biyu su zo mu gana. Wata yarinya mai kaifin basira, wadda kullum hannunta ke riga na kowa tashi, ta miƙe ta ce, "Ticha, mamana ya ce ba zai iya zuwa ba, ya tafi kasuwa." Na dakatar da ita, na ce mace ai "ta ce" ake faɗa mata, na sa ta maimaita har sau uku, na kuma ƙara da gyara mata yadda take furta "kuɗi" da "ƙasa". Ajin ya fashe da dariya, ba don sun fi ta iyawa ba, domin dukkansu haka suke faɗa, sai don sun ga an tsayar da gwanar aji. Ta zauna, ta sunkuyar da kai. Daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba har kusan ƙarshen zangon karatun, kuma sauran ma suka rage magana da ni, suna amsa mini da "e" ko "a'a" kawai. Na ɗauka ladabi ne, har na riƙa yaba wa kaina cewa na iya riƙe aji.

Mai makarantar ne ya kira ni wata rana bayan la'asar, muka zauna a kan benci a ƙofar ofishinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, lissafi na ɗauke ka ka koyar. Yarinyar nan ubanta Kotokoli ne, uwarta Bamoshiya ce, Hausar da kake gyara mata ita ce ta haɗa aurensu, kuma da ita ake mana wa'azi a garin nan tun kafin a haifi mahaifinka." Na ce, "Baba Alhaji, ai don ta iya daidai na yi." Sai ya tambaye ni ko a takardar jarrabawar da za ta zauna akwai wurin da za a ba ta maki saboda ta ce "ta" maimakon "ya". Babu, kuma na san babu.

Maganar ta dame ni ƙwarai, ita ce kuma ta sa na fara tambayar tarihin mutanen da nake zaune a cikinsu. Hausa ba jiya ta zo ƙasar nan ba. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna ɗaukar goron da ake tsinkowa a dazukan Asante zuwa Kano da Sakkwato. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa wasu garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Da Turawan Ingila suka ƙwace iko da Kumasi a ƙarshen ƙarni na 19, zango ya buɗe ga sojoji da fatake da 'yan ci-rani, aka samu Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli a wuri ɗaya, kowa da harshen gidansu, Hausa ta zama ita ce tabarmar da duka suke zama a kai. Harshen da ya yi irin wannan aiki fiye da shekara ɗari dole ya sauya kama: ya sauke bambancin namiji da mace, ya sassauta wasu baƙaƙe, ya ari kalmomi daga Turanci da Twi, harshen Asantawa. Ina ganin babban kuskure ne mutumin Kano ya kira wannan lalacewa. Hausarsu ce, suna ciniki da ita, suna rarrashin 'ya'yansu da ita, suna yi wa mamatansu addu'a da ita.

Da na daina gyara na koma sauraro, sai na ga nauyin da yaran suke ɗauke da shi. Yaro ɗaya yana jin harshen iyayensa a ɗaki, Hausa a tsakar gida da layi, Twi a kasuwar Kejetia da cikin motocin haya da ake kira torotoro, Larabci a wurin karatun Alƙur'ani, sannan ya zo ajina a ce ya yi tunani da Turanci. Jarrabawar BECE da ake zaunawa a ƙarshen aji uku da Turanci ake yin ta, akwai kuma takardar harshen gida wadda a Kumasi Twi ce ta Asante, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauka don koyarwa a makarantu. Wato harshen da yaron ya fi sakewa a cikinsa shi ne kaɗai ba shi da gurbi a jadawali, ni kuma da nake jin sa na zo na mayar da shi abin kunya. Na lura cewa yawancin waɗanda nake ɗauka ba su iya lissafi ba suna iya haɗawa da debewa da rabawa cikin sauri idan aka ba su alƙaluma tsirara, amma da zarar an naɗe tambayar cikin jimlar Turanci mai tsawo sai su tsaya cik. Daga nan na sauya tsari. Nakan karanta tambaya da Turanci, in sa ɗaya daga cikinsu ya faɗa wa aji abin da ake nema da Hausarsa yadda ta zo masa, ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba, mu warware tare, sannan mu koma mu rubuta amsar da Turanci kamar yadda mai duba takarda yake so.

Darasin kuɗi ma su suka koya mini shi. Wata uwa ta zo biyan kuɗin makaranta a ranar da akawu ba ya nan, ta kwance bakin zanenta ta ce mini ta kawo miliyan biyu. Na dube ta, na dubi takardun da ta ajiye a kan tebur, sidi 200 ne cif. Na fara yi mata bayani cewa ta yi kuskure, sai ɗanta ya matso ya ce, "Ticha, tsohon kuɗi yake faɗa." A 2007 Ghana ta sauya kuɗinta ta cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma bakin mutane bai bi takardar ba, musamman manya da matan kasuwa, har bayan shekara goma sha ɗaya. Ashe yaran da nake fama da su a kan ninkawa da rabawa da 10 da 100 da 1,000 kullum suna juya tsohon kuɗi zuwa sabo a ka, suna ba da canji a rumfunan iyayensu ba tare da kuskuren fesuwa ɗaya ba. Washegari na ajiye misalan littafi, na ce kowa ya kawo farashin abin da ake sayarwa a gidansu. Aka kawo na waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa, aka kawo na ƙosai da na gawayi da na ledar ruwa, muka yi darasin riba da faɗuwa da kaso cikin ɗari a kansu. Ban taɓa ganin ajin ya yi rai kamar ranar ba, kuma a ranar ce yarinyar nan ta sake ɗaga hannu, ta gyara wa wani yaro lissafin ribar buhun gawayi. Bayan an tashi na tsayar da ita na ba ta haƙuri a kan abin da na yi mata. Ta yi mamaki, ta ce ba komai, amma na ga fuskarta ta saki.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa waɗanda ba zan tsaya a kansu ba: cewa ba a miƙa wa mutum abu da hannun hagu sai da ba da haƙuri, cewa idan ka shiga taro daga dama kake fara gaisawa, cewa Asabar ranar jana'izar Asantawa ce kuma hanyoyi sukan cushe da masu baƙaƙe da jajayen tufafi, cewa damina biyu ake yi a shekara. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ajiye bulala. Da ita aka rene ni, kuma da ita na zo a raina, amma hukumar ilimi ta Ghana ta riga ta hana dukan ɗalibai, mai makarantarmu kuma ya tsaya a kan hanin duk da cewa wasu iyayen da kansu suke roƙon a doki 'ya'yansu. Rashin bulala ya tilasta mini sanin dalilin kowane laifi. Yaron da yake makara kullum na gano sai ya kai wa uwarsa tukwanen koko bakin titi kafin ya taho, wadda take barci a aji kuma ita ke tallan dare. Ban yarda cewa kowane yaro uzuri gare shi ba, akwai masu ƙiriniya zalla, amma da na riƙe bulala da ban taɓa bambance su ba.

A 2019 aka tuna mini da baƙuntata ta wata fuskar. Rikici ya tashi a kan dokar da ta keɓe ƙananan cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai ga 'yan ƙasa, aka rufe shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame da ke Kumasi, a watan Agusta kuma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, maganganu suka yi zafi a rediyo. Wani yaro ya tambaye ni a aji, da zuciya ɗaya, ko ni ma za a kore ni. Abokan aikina suka ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kwashe iyalai da yawa daga zango, wasunsu a nan aka haife su. Ni kuma na san labarin 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida da kayansu a jakunkunan da har yau muke kira da sunan wannan korar. Mahaifina yakan ce malamin da ya fi kowa koya masa lissafi a sakandare ɗan Ghana ne. Tun daga lokacin na daina wasa da takarduna, na tabbatar izinin zamana da na aikina suna kan ƙa'ida, domin yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba mutum ya shiga ba biza, ba ta ba shi damar kama aiki haka kawai ba. Duk matashin da zai fita koyarwa ina ba shi shawarar ya gama da wannan kafin ya riƙe alli.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 tare da iyakokin ƙasa. Makarantar kuɗi ba ta da abin biyan albashi idan iyaye ba su biya ba, don haka na wayi gari ba aiki, ba hanyar komawa gida, ga azumi yana ƙaratowa. Mutanen da na zo ina gyara wa harshe su suka riƙe ni. Matar mai gidan da nake haya ta ce, "Malam, kar ka hura wuta," kuma tun daga ranar kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo bai daina zuwa ƙofata ba har aka yi salla. Mai gidan ya ɗage mini biyan kuɗin haya bai ƙayyade rana ba. A ƙarshen watan Yuni aka bar 'yan aji uku su koma don shirin jarrabawa, muka raba su gida biyu, kowa da takunkumi a fuska da bokitin wanke hannu a ƙofa, muka yi makonni muna bitar abin da aka rasa. Yaran da na fara da su a aji biyu su ne suka zauna BECE a watan Satumba na wannan shekarar.

A farkon 2021, da aka fitar da sunayen makarantun da aka tura ɗalibai, ina cikin aji da sababbin yara sai na ga yarinyar a bakin taga tana jira in gama. Ta samu gurbi a babbar sakandare ta kwana, a fannin kimiyya, kuma tun da gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare a 2017 abin da ya rage wa uwarta shi ne akwati da katifa da kayan sawa. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu ta ce, "Ticha, mamana ya ce in kawo ka gani, kuma ya ce yana gaishe ka." Na karanta takardar har ƙasa, na mayar mata, na ce ta gaya masa ina amsawa, kuma zan zo gida da yamma in yi masa barka.